Ruwan da Ya Kwanta a Gindin Kwano

Abin ya faru ne a kakar shekarar da aka yi zanga-zangar man fetur, wadda gari ya tsaya cak har motar Kano ta yi kwanaki ba ta leƙo Ajingi ba. A daminar shekarar ne ruwa ya yi yawa, katangar gidanmu ta gabas ta zube a kan turken awaki, Allah ya kiyaye ba ta kashe ko ɗaya ba. Maigidana yana da shekara huɗu da rasuwa. Ni ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, ba na lissafin shekara da lamba, amma duk wanda ya san waɗannan abubuwa ya san lokacin da nake nufi.

Ni 'yar Gaya ce, aure ne ya kawo ni wannan ƙauye namu na kusa da Toranke. Uwata mai awo ce a kasuwar Gaya, a gindin buhu na yi wayo. Tun ina yarinya idan aka miƙo min kwano cike da gero, hannuna yana gaya min ko ya cika kafin idona ya duba. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake.

A wancan lokaci wani Alhaji mazaunin Kano ya sayi gonaki da yawa a bayan garinmu, ya haɗe su wuri ɗaya, ya zuba gyaɗa iya ganin ido. Idan ta nuna maza su cire, su tara ta tsibi-tsibi ta sha iska, sannan mu mata mu zo mu tsinke ta daga harawa. Amaren da ke cikin kulle ba su zuwa. Mu ne, tsofaffi da zawarawa da waɗanda mazansu suka gaza, daga garinmu da Toranke har da na Gafasa, mun kai mu arba'in. Ka'idar aikin kuwa tun kakanni take, ba wanda ya rubuta ta: ki auna wa mai gona kwano goma, na goma sha ɗaya naki ne. Da kwanon da aka karɓa da shi ake biya. Wannan gyaɗar ita ce jarina na rani gaba ɗaya. Ina soya ta, in matse mai, in yi ƙuli-ƙuli, da ita nake ci da kaina ba tare da na miƙa wa ɗa ko suruki hannu ba. Idan na rasa gonar nan na rasa shekara.

Alhajin ba ya zama, wakili ya ajiye mana. Mutum ne mai fara'a, baki kamar zuma, kowa Iya, kowa Baba. A kakar nan sai ya zo da sababbin kwanoni biyu iri ɗaya, korra shar, ya ce don a rage jira za a yi layi biyu: nan a karɓa, can a biya. Har godiya muka yi masa.

Kwana uku da farawa na ji buhuna ba ya min nauyin da ya saba idan na ɗora a ka. Na faɗa wa aminiyata, wadda muke kira uwar tagwaye, mace mai haƙuri da ke riƙe da miji makaho. Ta ce gyaɗar bana ce ruwa ya yi mata yawa ba ta yi ƙwaya ba. Ni dai raina bai kwanta ba.

Rana ta takwas aka yi yayyafi da asuba. Na riga kowa zuwa gona, sai na tarar da kwanonin biyu a kife a kan benci a ƙofar rumfar wakili, inda ya bar su jiya. Wani ɗan tsuntsu yana tsaye a kan ɗaya yana shan ruwa. Na tsaya. Kwano a kife, ina ruwa zai samu wurin kwanciya? Na matsa kusa. Na karɓa gindinsa shafal, ruwan ya zurare ya bushe. Na biya kuwa gindinsa ya lotsa ciki kamar an danna da taɓarya, ruwa ya kwanta a wurin har tsuntsu ya samu tafki. An bubbuge shi daga waje da hankali, an sake shafa masa fenti. Idan gyaɗa ta rufe cikinsa, wa zai ga tudun da ke ƙasa?

Wallahi rabina fushi rabina murna, irin murnar wanda ya daɗe yana zargin kansa sai ya gano ba shi ne mahaukaci ba. Bakina ya so ya tara gari a take. Na danne shi da ƙyar, na yi aikina har la'asar, na karɓi gyaɗata da wannan kwano, wakili yana ce min sannu Iya, ina ce masa yawwa ɗana.

Daga gona ban shiga gida ba, na wuce wurin ƙanin mijina. Shi ya yi shekara ashirin a masaƙa a Kano kafin a rufe ta, yana cikin 'yan ƙungiyar ƙwadago, har yau katinsa yana cikin leda a aljihun gaba kamar laya. Tun ina amarya muke tsokanar juna. Na same shi a ƙofar gida da rediyo a kunne, ana ta maganar mafi ƙarancin albashi.

"Matar yaya, yau kuma tuwon wa kika ƙona aka koro ki?"

"Tashi ka ba ni tabarma, ɗan masaƙar da ba shi da riga biyu. Dokar nan da ka ishe mu da ita na zo ka fito min da ita."

Na kwashe labari na faɗa masa. Dariyarsa ta ɗauke. Na ce to, tunda rediyo ya ce gwamnati ta yanka wa kowane ma'aikaci abin da ba za a biya shi ƙasa da shi ba, ya gaya min namu nawa ne. Ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce ba zai ɓoye min ba, ita wannan doka ta ware masu aikin gona na kaka da waɗanda ake biya gwargwadon abin da hannunsu ya yi. Ba mu a ciki. Na ce ashe masu rubuta dokar ba su cin ƙuli-ƙuli. Na ce dalar gyaɗar da ake ta ba yara labari an yi a Kano, da yatsun su wa aka tsinke ta, in ba na uwata da kakata ba? Ya ce duk gaskiya ne, amma tauye awo laifi ne a wurin hukuma, laifi ne a wurin Allah, wannan kam ba a ware kowa ba.

Sai ya koya min abin da ya ce masaƙa ta koya masa. Kada in je ni kaɗai, don mutum ɗaya korarsa ake yi a manta. Kuma kada mu je da buƙata goma, za a ba mu ƙaramar a riƙe babbar, mu nemi abu guda mu tsaya a kansa. Ya ce sunan abin yajin aiki. Na ce in dai yaji ne, mu mata ba sai an koya mana ba.

Washegari akwai suna a unguwarmu, matan gonar kusan duk sun zo. Ana rabon waina na ja su bayan ɗaki biyu-biyu uku-uku, ina gaya musu su kalli gindin kwanon biya gobe idan an juye. Ban ce su yarda da ni ba, na ce su duba. Suka duba. Ranar da ta biyo baya da hantsi mu arba'in muka isa gona, muka wuce tsibin gyaɗa ko kallonsa ba mu yi ba, muka zauna a gindin wata tsamiya, kowa ta kife ƙwaryarta a gabanta.

Wakili ya zo da murmushinsa yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce masa lafiya lau, kwano ɗaya muke so, wanda aka karɓa da shi a biya da shi, kuma Alhaji muke son gani. Nan take zumar ta ƙare. Ya ce wa ya ga tsofaffi da yajin aiki, ko mun zaci mu malaman makaranta ne. Ya ce mata sun cika Gaya suna neman abin yi, gobe da sassafe zai aika a-kori-kura ta kwaso su, mu kuwa ko harawa ba za mu ƙara taɓawa a gonar nan ba. Ya nuna ni da yatsa ya ce musamman ni.

Na ga fuskokin mata sun sauya. Uwar tagwaye ta raɗa min cewa a gidanta babu ko tsabar da za a jiƙa, in aka kore ta me za ta gaya wa makaho. Ni na zaunar da su, in abin ya lalace mata arba'in sun rasa raninsu a dalilina, kuma ba ni da fuskar da zan ƙara shiga suna ko biki a garin nan.

Amma wakili ya yi kuskure ɗaya, ya ambaci Gaya a gaban 'yar Gaya.

Na koma gida na kama kazata mai ƙwai, na sayar wa maƙwabciya a kan kuɗin mota, na bi ta Ajingi na hau bas. Kafin la'asar ina tsakar gidan ƙanwata a Gaya. Ita ma bakinta irin nawa ne, gidanmu ba a haifi mai shiru ba. Ta ce ai kuwa direban wakili ya riga ya zo ya bar saƙo, mata ashirin ake so. Ta aika aka kira su. Ba duka suka ji daɗin maganata ba. Wata ta ce min yunwar Ajingi ba ta fi ta Gaya ba, su ma 'ya'ya gare su. Na ce gaskiyarta, ban zo hana kowa abinci ba. Na ɗauki kwanon gidan na kife, na nuna musu inda aka bubbuge na wakili, na ce da shi za a biya su gobe, in sun karɓa kuma da shi za a biya kowa baɗi, har gonakin Gaya. Na ce su hau motar, su je su gani da idonsu, in ƙarya na yi su yi aikinsu ni in dawo gida a ƙasa. Wasunsu sun san uwata, sun sayi awo a hannunta. Wata tsohuwa ta ce 'yar mai awo ba ta yi wa kwano ƙazafi. Da haka aka tashi.

Da gari ya waye a-kori-kura ta zo. Na ari mayafin ƙanwata na lulluɓe har hanci, na shige tsakiyar mata na duƙa. Direba ya ƙidaya kawuna ya ga ashirin da ɗaya, ya ce ba laifi. A motar wakili, da man wakili, aka kai ni gonar da aka kore ni jiya. Duk hanya matan suna ƙunshe dariya, ƙanwata tana mintsinina.

Da muka iso na leƙa ta gefen mayafi. Matanmu suna gindin tsamiya, amma ba duka ba. Huɗu sun koma aiki, kuma ta farkonsu uwar tagwaye ce, tana layin biya da ɗan abin da ta tsinka tun asuba, kanta a sunkuye. Abin ya soke ni, amma ban ga laifinta ba.

Wakili ya tarbi mota yana tafa hannu, yana sannunku da zuwa iyayena. Matan Gaya suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwata ta wuce kai tsaye wurin benci, ta ɗaga kwanon biya ta juya shi, ta nuna wa na bayanta. Suka kalla, suka kalli juna. Sai kawai suka juya suka nufi tsamiya, matanmu suka matsa musu, suka zauna suka kife ƙorensu. Ni ce ta ƙarshe a mota. Na sauko na yaye mayafi na ce masa ina kwana ɗana. Guɗar da ta tashi a gindin tsamiyar nan, an ce har masu kiwo a bayan Toranke sun ji.

Shi kuwa ba wawa ba ne. Ya gane kwanon nan ne shaida, ya miƙa hannu zai ɗauke shi ya jefa a mota. Uwar tagwaye ce mafi kusa. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba tun da na san ta, sai ta riga shi, ta fizge kwanon ta kife a ƙasa, ta gyara zane ta zauna a kai daram.

"Baba, tashi mana, kayan aiki ne."

"Ƙafata ke ciwo, Malam. Sai Alhaji ya zo."

Ya zagaya ta ya sake zagayawa. Wane namiji ne zai sa hannu ya ɗaga matar wani a gaban mata sittin? Ya roƙa, ya yi barazana, ya ce zai ba ta kwano biyar kyauta. Ta ce ƙafarta dai. Sauran ukun da suka koma aiki suka zo suka zauna kewaye da ita. Daga hantsi har azahar tana kan kwanon nan a cikin rana, muna kai mata ruwa a moɗa.

Allah kuma ya kawo nasa. Wajen azahar gabas ta fara haɗa baƙi, iska ta sauya. Gyaɗar da aka cire tana kwance a fili, in ruwa mai ƙarfi ya same ta a tsibi ta yi baƙi ko ta tsiro, shekarar Alhaji ta tafi. Wakili ya kalli sama, ya kalle mu, ya koma gefe ya buga waya. Ƙanin mijina, wanda tun safe yake raɓe a bakin gona kamar mai neman akuya, ya hau kekensa ya je ya ɗauko liman da mai unguwa.

Alhaji ya iso da ƙura a bayan motarsa. Dattijo ne, ba mai hayaniya ba. Ya gaisa da liman, ya tambaya wace ce babba a cikinmu. Ban jira a nuna ni ba. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce ranka ya daɗe ba mu zo da rigima ba, ba mu nemi ƙari ba, awo kawai muke so a yi a gabansa. Na shimfiɗa mayafin ƙanwata a ƙasa. Na ce wa aminiyata ta tashi. Da ƙyar ta miƙe, ƙafar da ta yi ƙarya da ita yanzu ta yi tsami da gaske.

Na cika kwanon karɓa da gyaɗa, na shafe bakinsa da tafin hannu yadda uwata ke yi, na ɗaga kowa ya gani. Sannan na juye a kwanon biya a hankali. Ya cika, ya yi tozo, ya fara zuba a kan mayafi, ga saura a hannuna. Na tattara abin da ya zube, ya cika tafina biyu har da ɗori. Na kai gaban Alhaji na ajiye.

"Ranka ya daɗe, wannan ne ake cire wa kowace mace a kowane kwano. Yau kwana goma sha biyu."

Liman ya yi salati a hankali, ya tuna wa mutane abin da Littafi ya tanadar wa masu tauye awo. Alhaji ya ɗauki kwanon ya juya, ya sa babban yatsa a lotsawar ya daɗe yana shafawa. Ya ce bai sani ba. Ko ya sani ko bai sani ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa, ni dai na ga kunnuwansa sun yi ja. Kallo ɗaya ya yi wa wakili. Ya tambaye ni me muke so. Na tuna maganar ɗan masaƙa na ce abu ɗaya, kwano ɗaya, kuma ya kwana a hannun mata. Ya ce an yi. Da bakinsa ya ƙara cewa a mayar wa kowa abin da aka tauye mata, matan Gaya kuma su tsaya, ga hadari, hannu ake nema.

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Mata sittin a kan gyaɗa, yatsu kamar ana kaɗa kalangu, 'yan Gaya suna ba da waƙa muna amsawa, suna tsokanarmu wai mu ƙauyawa sai da 'yan birni suka zo cetonmu, muna ce musu ai a motarmu suka zo. Ƙanin mijina da ya ce shi ma'aikacin masana'anta ne ba ya taɓa ƙasa, sai ga shi yana jan tamfol da liman. Ni ina kan awo, ina ƙirga da ƙarfi kowa na ji, in na kai goma mata su amsa min na sha ɗaya baki ɗaya. Ruwa ya sauko gab da magariba. Ba mu gama duka ba, tsibi kaɗan na can ƙarshen gona ya jiƙe ya lalace, amma mafi yawa ta shiga rumfa. Muka koma gida sharkaf, buhu a ka, muna dariya kamar 'yan mata. A ranar buhuna ya yi min nauyin da na sani.

Kwanon ya kwana a ɗakina a wannan kaka da kaka shida bayanta, har gwiwa ta hana ni zuwa gona na miƙa wa wata. Baɗin shekarar ba mu ga wakili ba. Maganar ta bazu, a gonaki da yawa na wajenmu yanzu mace takan juya kwano ta duba gindinsa kafin a fara awo, ba mai ce mata don me. Akwai inda har yau ake cutar mata, ina ji. Kwanan baya rediyo ya sake cewa an ƙara mafi ƙarancin albashi, na aika a tambayo min ɗan masaƙa ko wannan karon an sa mu. Ya aiko cewa tukuna. To, su masu rubutawa su sani muna nan, kuma ƙasar da suke son ta ci gaba a kan wuyan masu ɗaukar buhu take tafiya.

Alhaji ya rasu, 'ya'yansa sun raba gonar. Liman ya rasu, mai unguwa ma haka. Uwar tagwaye ta bi mijinta shekara uku da suka wuce, ni na yi mata wanka, Allah ya jiƙanta. Cikin waɗanda suka zauna a gindin tsamiya, na garinmu saura mu bakwai, Toranke akwai huɗu, na Gafasa ban da labarin kowa sai ɗaya da ta koma wurin ɗanta a Kano. Ƙanwata tana nan a Gaya, haƙori ya ƙare baki bai ƙare ba, har yau tana bina mayafinta da gyaɗa ta ɓata. Ƙanin mijina yana nan, ido ya yi rauni, katin yana aljihu. An ce wakili ma yana raye, yana sayar da taki a wata kasuwa. Sai ni.